Cokali Mai Jan Zare

Litinin, 1 ga Satumba

Auta ta dawo gida yau, da jaka biyu da ɗingishi. Targaɗe ne a idon sawun hagu. Likitan ƙungiyarsu ya ce ta huta a gida, in ƙafar ta saki ta riƙa atisaye a filin da ke kusa da mu, har zuwa tseren watan Nuwamba, wanda a nan ne za a zaɓi masu wakiltar ƙasa. Ke nan wata biyu da ɗoriya tana gabana. Rabon da ta yi mako guda cur a gidan nan tun da gudu ya zama sana'arta.

Ta rame. Ita wai ba rama ba ce, haka jikin masu gudu yake. To, ni dai na ga ƙashin wuya.

Malam, babanta, sai washe baki yake yi, har ya miƙe daga kujerarsa ba wanda ya kama shi. Na fitar da keken ɗinkina daga ɗakinta na dawo da shi falo. Alhamdu lillahi.

Talata, 2 ga Satumba

An fara. Na haɗa shayi da safe, na zuba wa kowa, na miƙa mata nata. Sai cewa ta yi, "Mama, ki yi haƙuri, zan haɗa da kaina." Ta zaro wani kofin ƙarfe mai murfi daga jaka, da cokalinta, da gwangwanin madararta. Ruwan sha ma sai na gora, wanda ita ta murɗe murfinsa da hannunta ta ji ya ce ƙas.

Na ce ke, a gidan ubanki? Wa zai sa miki guba?

Ta zaunar da ni ta yi min bayani kamar 'yar aji ɗaya. Wai akwai magungunan da aka haramta wa 'yan wasa saboda masu cuta suna sha don ƙarin ƙarfi, kuma ana zuwa a gwada fitsarin mutum ba sanarwa. In aka samu ko ɗigo ne, ba ruwansu da yadda aka yi ya shiga jikinki, laifin a kanki yake. Sai dakatarwa ta shekaru. A shekarunta kuwa, in aka dakatar da ita, gudun ya ƙare ke nan.

Abinci tana ci daga tukunyata, wannan kam da sauƙi, tunda kowa ci yake yi. Abin sha da aka haɗa mata ita kaɗai ne ba ta karɓa daga hannun kowa. Kowa, in ji ta. Yau ni ce kowa. Ni da ta sha nonona shekara biyu ba ta taɓa neman ganin murfi ba.

Juma'a, 5 ga Satumba

Matar mai kemis ta zo ta karɓi ɗinkinta ba ƙorafi ko ɗaya. Ikon Allah.

Auta ta ɗaure wata roba a ƙafar kekena tana jan ƙafarta da ita. Ina taka keke, tana jan roba, muna hira. Na yi kewar irin wannan.

Lahadi, 7 ga Satumba

Yau mun sha dariya. Malam mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota cikin daji, amma 'yar mitsitsiyar ƙwayar hawan jini ta gagare shi haɗiya, sai ta maƙale ya yi ta kakari. Shi ya sa kullum da safe nake murƙushe ta da bayan cokali a ɗan faranti, in kwashe garin, in ɗiga ruwa, in ba shi a baki. Shi kuma ya karɓe cokalin ya lashe shi ciki da baya kamar yaro ya samu zuma. Na yi faɗan har bakina ya gaji. Wai ba ya son asarar magani.

Auta ta ɗauki kwalin tana karantawa, ta ce, "Mama, wannan ma yana cikin waɗanda aka hana mu." Na yi dariya har da hawaye. Maganin da ke sa tsoho zaryar banɗaki shi ne zai ƙara wa mutum gudu? Ta ce ai zaryar ce dalilin, masu cuta suna shan sa don ya wanke musu abin da suka sha kafin a zo gwaji.

Malam ya ce ashe shi ma ɗan wasa ne bai sani ba. Ta ce, "To Baba, an dakatar da kai." Ya ce ya karɓi hukunci, dama ba shi da niyyar gudu bana.

Laraba, 10 ga Satumba

Ta taka ƙafar sosai yau, ba ɗingishi.

Asabar, 13 ga Satumba

Gwaggonta ta zo, ƙanwar Malam, da wata ƙatuwar kwalba a leda. Maganin ƙarin jini da kuzari ne, wai wani mutum ke haɗawa a bayan tashar mota, yana maganin kasala da ciwon gaɓɓai da ban san me da me ba. Ta ce tun da ta ji 'yarta ta rame ba ta yi barci ba.

Auta ta durƙusa ta yi godiya har ƙasa, amma ta ce ba za ta iya sha ba. Gwaggo ta kalle ni. Ni kuma na kalli silin. Ta ce, "Yaran yanzu, a kawo musu alheri su tsaya tambayar takardarsa." A raina na ce yawwa, faɗa mata, amma a fili na ce a bar yarinya da aikinta.

Bayan tafiyarta na ɗanɗana abin. Ɗaci kamar me! Malam ya ce a ajiye masa, na ce ka ji tsoron Allah, da wanne za ka ji.

Talata, 16 ga Satumba

To yau na ga abin da ake faɗa da idona.

Ashe kowace rana Auta sai ta sanar da hukumarsu mai kula da gwajin sa'a guda da inda za a same ta, ita kuma ta zaɓi shida zuwa bakwai na safe, a nan gida. Ina cikin shara aka ƙwanƙwasa. Wata mata ce, za ta yi sa'ata, da tabarau da kati rataye a wuya da jaka mai sanyi. Ta yi sallama cikin ladabi, ta ce ta zo karɓar fitsarin 'yata. Na ce na'am?

Abin takaici, Auta ba ta daɗe da fitowa daga banɗaki ba. Sai aka zauna jira. Matar nan ba ta ɗauke ido daga kanta ba ko sau ɗaya. Auta ta shiga kicin, ta bi ta. Ta fita tsakar gida shanya, ta bi ta. Na kawo mata shayi da burodi, ta ce na gode Mama, ba a yarda mu ci ba. Wato ita ma! Gidan nan shayina ya zama abin gudu.

Amma mutuniyar kirki ce. Ta yaba kalmasar labulena, ta ce telanta ya ɓata mata yadi har sau biyu. Muka shiga zagin teloli, ni da nake tela. Da abin ya zo, suka shiga banɗakin tare, ƙofa a rufe amma ita tana ciki. Na ce wa Malam wannan wace irin rashin kunya ce, ya ce in yi shiru, aiki ne. Suka fito, Auta da kanta ta zuba a kwalabe biyu ta murɗe murfin har ya yi ƙara, matar ba ta taɓa ba.

Na raɗa mata suna Mai Kwalba. Auta ta ce kar in kuskura in faɗa a gabanta.

Asabar, 20 ga Satumba

Na bi ta fili yau, na zauna a kan benci da kwandon saƙata. Kocinta ya turo mata abin da za ta yi ta waya. Zagaye biyu ne tserenta, amma don shi sai ta yi ta zagaye kamar ba za ta daina ba.

Wallahi in tana gudu ba na gane ta. Yarinyar da ke tuntuɓe da tabarmar falo, a can sai ka ce ƙasa ce ke tura ta. Wasu mata masu tattaki suka tsaya suna kallo, ɗaya ta ce 'yar waye wannan? Na dai gyara zama yadda za su ga kamanninmu.

Na ji daɗi ƙwarai. Na rubuta don kar in manta.

Laraba, 24 ga Satumba

Har yau hannuna kofi uku yake zubawa. Sai in tuna, in shanye biyu. In na yi ƙiba, laifin hukumarsu ne.

Talata, 30 ga Satumba

Labari mara daɗi. An dakatar da Doguwa, ƙawar Auta, wadda suke ɗaki ɗaya a sansani. Ta taɓa kwana a gidan nan, yarinya mai fara'a, ta cinye min tukunyar shinkafa ta ce in ƙara.

Wani garin ƙarin kuzari ta saya a kanti, irin wanda ake damawa da ruwa bayan atisaye. A jikin gwangwanin ba a rubuta komai na haram ba, ashe a ciki akwai. Shekara biyu suka ba ta, wai ma an sassauta don sun yarda ba da gangan ta yi ba. Auta ta shiga ɗaki da waya suka daɗe suna magana, ta fito ido jawur.

Na ce to ba a yi mata uzuri ba, tunda ba ta sani ba? Ta ce, "Uzurin ke nan, Mama."

Alhamis, 2 ga Oktoba

Auta ba ta da walwala. Ta ci abinci kaɗan.

Ni kuma da bakina da ba ya gajiya, ina ba Malam magani ina cewa ai Doguwa a kanti ta sayo nata, wurin wanda bai san ta ba. Uwa daban, ɗan kasuwa daban. A ce 'yarka tana cikin damuwa amma ba ka da ikon haɗa mata ko ruwan zafi. Na ɗaga murya yadda za ta ji daga ɗaki. Na san ta ji.

Malam ya ce, "Ke dai ba kya barin magana ta huce." Ya lashe cokalinsa. Na ce in ka ƙara lashe cokalin nan a gabana sai na koma ba ka da ludayi.

Talata, 7 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Na ba Malam maganinsa, na ajiye faranti da cokali a kan tire, na koma kicin. Auta ta shigo ta jingina da ƙofa, ta ce, "Mama, haɗa min shayinki irin na da. Mai citta."

Allah ya sani, ji na yi kamar an yi min kyautar gida. Na ɗauko tsohon kofinta na tangaran, mai karyayyen hannu, wanda take sha da shi tun tana firamare, na ɗauraye shi sau ba adadi. Na daka citta. Na sa madara yadda take so, da sukarin da kocinta ba zai so ya gani ba. Ina ta surutu, ina ba ta labarin ranar da ta fasa hannun kofin ta ce mage ce, alhali ba mu da mage. Na kawo falo, na ga sukarin bai narke ba, na miƙa hannu kan tire na ɗauki cokali na juya. Na ba ta. Ta kurɓa. Ta lumshe ido ta ce, "Kai, Mama." Ta sake kurɓa.

A nan idona ya sauka kan tire. Ɗan farantin Malam yana nan da farin gari a gefensa. Cokalin babu. Yana cikin kofin Auta.

Ban san lokacin da na kai wa kofin duka ba. Ya tashi ya daki bango ya tarwatse, shayi ya wanke labule. Malam ya zabura yana salati. Auta ta tsaya da hannu a sama tana kallona kamar na haukace. Sai nuna farantin nake yi ina cewa cokalin, cokalin Babanki.

Na ga lokacin da ta gane. Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta tafi banɗaki ta yi ƙoƙarin amayar da shi, ta fito ta ɗauki waya ta kira likitansu.

Ni na jawo. Ni na yi ta mita har ta karya dokarta don ta faranta min.

Laraba, 8 ga Oktoba

Likitan ya ce abin da ya shiga ba lallai ya kai a gani ba, amma ba zai rantse ba, don na'urorinsu suna ganin abin da ido ba ya gani. Ya ce a ajiye cokalin da farantin da kwalin maganin a leda, kar a wanke, ko da za a buƙaci hujja. In kwana kaɗan suka wuce ba a zo gwaji ba, jiki zai fitar da shi.

Ni da ba na iya kwana da kwano ɗaya mara wanki, ga ni da cokali mai datti a leda a kan kabad.

Malam ya kira ni gefe ya ce in kwantar da hankalina, ya lashe cokalin tas jiya, ciki da baya. Na ce ƙarya kake, ai tun ranar da na ce zan koma ludayi ban ƙara ganin ka lasa ba. Ya ce, "Ai shi ya sa nake jira ki juya baya." Ban san ko gaskiya yake faɗa ba ko lallashi ne.

Allah ka sa kar Mai Kwalba ta zo makon nan.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ta zo.

Ina jin ƙwanƙwasar na san ita ce. Na tsaya a bayan ƙofa da tsintsiya, zuciyata na cewa ki ce ba ta nan. Auta ta zo ta bayana ta ce a hankali, "Buɗe, Mama. In na ɓuya, shi ma laifi ne." Na buɗe.

Auta ta faɗa mata komai, ba ta rage ba, matar ta rubuta. Ta ce ita ba ta da ta cewa, kaiwa kawai take yi. Da za ta tafi ta ga labulen da shayi ya ɓata, ta dube ni, ta ce, "Mama, ruwan sanyi da gishiri yana fitar da shi." Na ce na gode. Ban iya kallon jakar ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na tambayi Auta yaushe za a ji. Ta ce in akwai matsala za su kira, kamar yadda suka kira Doguwa bayan mako uku ko fiye. In babu, ba mai kira, sai dai wata rana ta duba wayarta ta ga sun sa sakamako. Wato shiru shi ne alheri.

Ni kuwa duk duniya ba abin da na tsana kamar shiru.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Duk sanda wayarta ta yi ƙara sai allura ta kauce min. Na soki yatsa yau, na ɓata wuyan rigar mutane, sai da na farke.

Ita kuwa tana fita atisaye kamar ba abin da ya faru. Ta dawo ta same ni na yi tagumi, ta zauna a ƙasa ta ɗora kai a gwiwata ta ce, "Ni na roƙa fa, ba ke kika tilasta min ba." Na ce tashi kin jiƙe min zane da gumi. Ba ta tashi ba, ni ma ban sake cewa ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na sayo wa Malam cokali nasa shi kaɗai, na naɗa masa jan zare a wutsiya, na kafa ƙusa a gefen gadonsa na rataye. Farantin ma sabo, an daina kawo shi falo. A ɗaki zai riƙa shan maganinsa, in wanke a bokiti daban.

Ya ce an mayar da shi mai cutar da ake gudu. Na ce lashe abinka, yanzu kam na ba ka izini.

Asabar, 25 ga Oktoba

Gwaggo ta dawo da wata kwalbar, wannan karon baƙa. Tun daga bakin ƙofa na karɓe na ce ba za ta shiga gidan nan ba sai Auta ta tafi. Ta ce, "Au, ke ma kin koma bakinsu?" Na ce ban koma bakin kowa ba, wuri ne babu a kabad.

Ta yi fushi, amma ta ci abinci kafin ta tafi, har da ƙari.

Laraba, 29 ga Oktoba

Shiru. Alhamdu lillahi. Tabon labulen ma ya fita.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ina kan keke ta fito daga ɗaki da waya a hannu, ta ɗora ta a kan yadin da nake ɗinkawa. Na ce ba na ganin ƙananan rubutu, ki faɗa min da baki. Ta ce, "Ba su sami komai ba, Mama."

Na tashi, na zauna, na sake tashi. Sai kuka, kamar wata yarinya. Malam daga kujerarsa ya ce, "To, wa ya ce lasar cokali ba ta da amfani?" Yanzu ba za mu huta ba, har jikoki sai sun ji cewa harshensa ne ya ceci ƙasa.

Na sauko da ledar nan daga kan kabad na wanke cokalin da sabulu har hannuna ya yi fari. Daga baya kuma na ji ba na son ganinsa, na jefa shi cikin akwatin maɓallai.

Ta kira Doguwa ta faɗa mata. Na karɓi wayar na ce ta zo ta yi mana kwana biyu, shinkafa na nan. Ta yi dariya, amma muryarta ba irin ta da ba ce. Yarinyar nan tana raina.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Ta tafi sansani. Na mayar da keke ɗakinta. Gidan ya yi faɗi.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An nuna tseren a talabijin. Uku na farko za a ɗauka. Maƙwabta sun cika falo, matar mai kemis har da kawo kujerarta.

Zagayen farko tana can baya, na ce shi ke nan, ƙafar ce. Malam ya ce ki yi shiru, lissafi take yi. A kwanar ƙarshe sai ga ta ta fito ta waje tana wuce su ɗaya bayan ɗaya. Ban ga ƙarshen ba, na rufe fuska da mayafi. Ihun Malam ne ya gaya min. Ta biyu! Mutumin da sai an kama shi yake miƙewa, yau tsalle ya yi, na gani da idona.

Ana nuna ta tana haki, ta dafa gwiwoyi, sai wani mutum a gefen fili ya miƙo mata gorar ruwa, a buɗe. Ban san sanda na yi kan talabijin ina cewa kar ki karɓa, kar ki karɓa ba! Kowa a falo ya juyo yana kallona. Ita kuwa ta ɗaga masa hannu alamar godiya ta wuce abinta.

Matar mai kemis ta ce lafiya? Na ce ba komai, mutumin ne bai yi min ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Ta zo jiya, jibi za ta koma, shirin tafiya ƙasar waje. Ta ƙara ramewa, amma na daina faɗa.

Da safe na ba Malam maganinsa a ɗaki, na rataye cokalinsa a ƙusa, na wanke hannu har gwiwar hannu kamar mai shirin tiyata. Na ɗora ruwa. Ta shigo kicin ta jingina da ƙofa, daidai inda ta tsaya ran nan, tana murmushi ta ce, "Mama, ba za a samu mai citta ba?"

Na ɗauko kofinta na ƙarfe da cokalinta na ajiye. Na ajiye sabon gwangwanin madara da ba a fasa ba, da citta guda wadda ban ko kankare ba. Na ja baya na harɗe hannuwana a baya na ce ga wuta ga ruwa, haɗa da kanki, ni ina da ɗinki.

Ba wai na yarda da dokokinsu ba ne. Har gobe ina cewa shiga banɗaki da mutum rashin kunya ne. Aiki ne ya yi min yawa kawai.

Ina kan keke ta shigo da kofi biyu, ta ajiye min ɗaya a gefen zare. Rabon da wani ya haɗa min shayi a gidan nan har na manta. Citta ta yi yawa, sukari bai ji ba, ko kusa bai kai nawa ba.

Na shanye tas.